Filin Tambaya da Amsa: Yadda mai raunin hannu zai karanta jarida da kansa

Wasiƙun wannan makon duk a kan abu ɗaya suka taru. Mutum ne idonsa garau, hankalinsa garau, yana son sanin halin da duniya ke ciki, amma hannu ya ƙi. Mun taƙaita wasiƙun, mun ɓoye sunayen masu su. Za ku ga muna nanata magana ɗaya: ba da sayen na'ura ake farawa ba. Ana fara gano gaɓar da mutum yake iya motsawa da nufinsa, ya maimaita sau da yawa bai gaji ba. Daga nan a gyara masa zama, a kafe abin karatun wuri ɗaya, sannan a zo maganar kuɗi.

Tambaya: Mahaifina tsohon malamin makaranta ne, shekararsa 71. Bara ya gamu da shanyewar ɓarin jiki, ɓangaren hagu. Jaridar takarda yake so, ba ruwansa da waya. Da ya ɗauka da hannu ɗaya sai ta zube, shafuka su rarrabu, ransa ya ɓaci ya ajiye. Yanzu jikoki ke karanta masa, shi kuwa ba haka yake so ba. Wace dabara ce za mu yi? (Wani ɗa daga Zariya)

Amsa: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Kada ku matsa masa da waya tunda takarda yake so, domin matsalarsa tana da magani a wajen kafinta. Abu uku ke sa jarida ta gagari mai hannu ɗaya. Ba a ɗinke take ba, ninke ta kawai ake yi. Takardarta siririya ce, nauyinta bai wuce kusan giram 45 a murabba'in mita ba, alhali farar takardar ofis tana da 80, shi ya sa ba ta tsayuwa da kanta. Kuma idan an buɗe ta faɗinta yana kusan santimita 60.

Ku fara da ɗinki. Da an kawo jarida, a buɗe ta daidai tsakiya a buga mata fin ɗin sitefila uku a kan layin ninkin: ɗaya sama, ɗaya tsakiya, ɗaya ƙasa. Idan bakin sitefilar bai kai tsakiya ba, a rufe jaridar a buga fin ɗin a gefen ninkin, kamar santimita ɗaya daga baki. Wannan aikin minti ɗaya ne, kuma shi kaɗai jika zai riƙa yi.

Sai allon jingina. A sa kafinta ya yanko falanki marar nauyi, kauri milimita 6, faɗi santimita 65, tsawo 45. A ƙasansa a kafa ɗan katako mai fitowa santimita 3, inda gindin jarida zai zauna. Idan ya fi haka fitowa, shafi zai riƙa karo da shi wajen juyawa yana yagewa. A baya a sa ƙafa mai hinji, da gurabe uku da za ta riƙa faɗawa, don a iya kwantar da allon ko a miƙar da shi. Yawancin mutane sun fi jin daɗinsa idan ya ɗan kwanta baya kaɗan, wajen digiri 60, a nisan kamu biyu daga ido. A manna robar tif ɗin keke a ƙarƙashinsa don kada ya riƙa gudu a kan tebur idan Baba ya tura shafi. A ɗaure jaridar da zaren roba irin na wando, a zagayo shi daga sama zuwa ƙasa ta tsakiyar ninkin. Kada ku manta da fankar sama: ita ce babbar mai watsa shafi. Abin maƙale shanya guda biyu a kusurwoyin sama sun isa su riƙe shafin da aka wuce, kuma hannu ɗaya yana iya matsa su.

Wajen juya shafi, busasshen yatsa yana zamewa a kan takarda. A saya masa robar yatsa irin wadda masu ƙirga kuɗi ke sawa. Ya ɗora yatsan a kusurwar dama ta ƙasa, ya tura zuwa ciki har shafin ya yi tozo, ya zura yatsa ƙarƙashin tozon ya kai shi hagu.

Akwai abin da muke so ku lura da shi sosai, tunda hagu ne ya shanye. Wasu masu irin wannan larura ƙwaƙwalwarsu takan daina kula da duk abin da ke hagu, ko da idon lafiya lau yake. Alamarsa ita ce mutum ya fara karanta layi daga tsakiya, ko ya ci abincin gefen dama na faranti ya bar na hagu. Ku ba shi kanun labari ya karanta da ƙarfi ku ji. Idan yana tsallake kalmomin farko, ku ja jan layi mai kauri a gefen hagu na shafin, a koya masa ya nemo jan layin kafin ya fara kowane layi, kuma ku shaida wa likitansa. Na'urar juya shafi mai lantarki kuwa ba ma ba ku shawarar sayenta. Don littafi da mujalla aka ƙera yawancinsu, takardar jarida ta yi musu siriri, ko su kwaso shafi biyu ko su yaga.

Tambaya: Hatsarin mota na yi shekara biyu da suka wuce, na samu rauni a lakar wuya. Ina iya ɗaga hannu zuwa baki, ina ɗan ɗaga wuyan hannun dama, amma yatsu ba sa riƙe komai. Ƙanena ke riƙe mini waya in karanta labarai, idan ya tafi makaranta shi ke nan. (Wani matashi daga Gusau)

Amsa: Sannu, ɗan'uwa, Allah ya ba da sauƙi. Abin da ka lissafa ba kaɗan ba ne. Mai lanƙwasa gwiwar hannu kuma yana ɗaga wuyan hannu, bisa al'ada rauninsa yana wajen gaɓa ta shida ta wuya, kuma masu irin wannan matsayi suna sarrafa waya da kansu ba tare da wata na'ura mai tsada ba.

Aikin da ƙanenka yake yi, maƙalin waya zai yi shi. Akwai mai dogon wuya da ake matsewa a jikin gado ko tebur ko ƙarfen keken guragu. Aibin masu arha shi ne rawa: ka taɓa fuskar wayar ta yi baya, ta dawo ta sake taɓa ka, sai ta buɗe abin da ba ka nufa ba. Maganinsa a gajarta wuyan, a nannaɗe rarar a jikin ƙarfen gado, kada abin da ke lilo ya wuce santimita 25. Idan a tebur kake, ƙaramin allon katako da ka jingina wayar ya fi kowane maƙali tsayuwa. Waya mai faɗin fuska, ko ƙaramar kwamfutar hannu mai inci 8 zuwa 10, ta fi sauƙin saiti.

Da yawa suna taɓa fuskar waya da bayan gaɓar ƙaramin yatsa, gwada wannan tukuna. Idan bai yi ba, a ɗinka maka madaurin tafin hannu. Tela ko baduku zai yi: ƙyalle mai ƙarfi ko fata mai faɗin santimita 3 da ke zagaye tafin hannu, a rufe shi da madaurin manne irin na takalmin yara, a ɗinka masa siririn aljihu ta ɓangaren tafi, tsawon santimita 8. Cikin aljihun ake zura alƙalamin taɓa waya. Shi dai wannan aljihu zai riƙe maka cokali da buroshi. A sa zoben ƙyalle a bakin madaurin don ka iya ja da haƙori ko da babban yatsan ɗaya hannun. Ka sani cewa fuskar waya ba nauyi take ji ba, ɗan lantarkin jikin mutum take ji, saboda haka tsinke ko murfin biro ba za su yi aiki ba. Sai alƙalami mai jikin ƙarfe da bakin roba ta musamman. Ga jaridar takarda kuma, fensir ake zurawa a aljihun, kilinarsa tana waje, ita ke kama shafi.

Muna roƙon masu yi maka gashin ƙashi a gida da abu ɗaya. Idan ka ɗaga wuyan hannu za ka ga yatsunka suna lanƙwashewa da kansu. Wannan ɗan riƙon dukiya ne, da shi ake ɗaukar kofi marar nauyi ko biredi. Idan aka riƙa miƙar da yatsun da ƙarfi alhali wuyan hannu yana ɗage, jijiyoyin za su saki, riƙon ya tafi. Ana miƙar da yatsu ne kawai lokacin da wuyan hannu yake lanƙwashe ƙasa.

Ga waɗanda rauninsu ya fi naka sama, hannu ba ya tashi sam, akwai sandar baki: siririn bututun alminiyam mai tsawon santimita 30 zuwa 40, da bakin alƙalamin waya a ƙarshensa. Wurin cizon ya zama mai faɗi yadda turamen haƙora na ɓangare biyu za su raba nauyin. Wanda ya riƙa cizon fensir da haƙoran gaba zai wayi gari suna girgiɗi, muƙamuƙi yana ciwo. Likitan haƙori yana iya zuba wurin cizo daidai bakin mutum. A kuma tanadi mazubi kusa da baki inda zai ajiye sandar ya ɗauka da kansa, in ba haka ba an koma jiran wani.

Karatu yana ɗauke hankali, jikin da ba ya jin zafi kuma ba zai tuna maka ba. Ka saita ƙararrawa, duk minti 20 zuwa 30 ka karkata gefe ko ka sunkuya gaba na minti ɗaya zuwa biyu, saboda gyambon zama.

Tambaya: 'Yata shekararta 16, an haife ta da larurar ƙwaƙwalwa mai sa jiki ya riƙa sanƙarewa. Ta iya karatun Hausa da Turanci. Amma idan ta kai hannu kan waya sai hannun ya fizge ya bugi wani wuri. An ce mini akwai maɓalli da ake haɗawa da waya. Yaya abin yake, kuma a ina zan samu? (Wata uwa daga Maraɗi)

Amsa: Hajiya, barka da ƙoƙari, yarinyar da ta kai ga karatu da harshe biyu ta samu uwa tsayayya. Gaskiya aka faɗa miki. Amma kafin maɓalli, a duba zamanta. Ƙugu ya shige can cikin kujera, gwiwa a lanƙwashe, tafin ƙafa a kan wani abu mai ƙarfi ba yana lilo ba, hannuwa a kan tebur. Jikin da bai samu madogara ba sanƙarewarsa ƙaruwa take yi. A ajiye wayar a gabanta sak, daidai ido. Da yawa daga masu wannan larura idan suka juya kai gefe, hannun wannan gefen miƙewa yake da kansa, ɗayan ya lanƙwashe. Wayar da aka ajiye a gefe ita ke jawo fizgar da kike gani.

Sai a nemo inda za a sa maɓallin. Ba dole sai hannu ba. A gwada dunƙulen hannu, gwiwar hannu, gefen kai, gwiwa, da ƙafa. A kowane wuri a ce ta danna sau goma idan an ce "yanzu", a ƙirga sau nawa ta dace, a kuma duba ko tana iya ɗagawa bayan ta danna. Sakin maɓalli yakan fi danna shi wuya. Wurin da ta samu takwas cikin goma ba tare da duk jiki ya ɗaure ba, nan ne wurinta.

Hanya mafi arha ba ta ma buƙatar maɓalli na musamman. A samo tsohon allon madannai na kwamfuta mai waya, da ɗan guntun haɗi da ake kira OTG, masu sayar da kayan waya sun san shi. Idan an haɗa, a cikin manhajar buɗe shafukan intanet dogon madannin nan na ƙasa yana gangarar da shafi, Page Up yana mayar da shi sama, Tab yana tsallakawa daga kanun labari zuwa na gaba, Enter yana buɗewa. A ɓamɓare duk sauran madannan, a bar waɗannan huɗu, a manna wa kowanne murfin kwalba mai launi daban. Ko a rufe allon da kwali mai kauri a huda ramuka huɗu, yadda za ta iya jan hannu a kai ba ta danna komai ba sai ta zura yatsa. Abu biyu kan ba da matsala. Wasu wayoyi suna kashe OTG da kansu bayan 'yan mintuna idan ba a taɓa ba, sai an shiga saiti an kunna. Kuma haɗin yana toshe wurin caji, don haka a cika batir kafin a zauna.

Idan madanni huɗu sun yi mata yawa, a koma tsarin bi-da-bi. A wayoyin Android sunansa Switch Access, yana cikin saiti a sashen Accessibility, idan babu a sauke shi daga Play Store kyauta. A iPhone sunansa Switch Control, yana nan tun 2013. Yadda yake aiki: wani zobe mai launi yana bin abubuwan da ke fuskar waya ɗaya bayan ɗaya, idan ya iso kan wanda take so sai ta danna. Da maɓalli ɗaya zoben ke tafiya da kansa, ita tana jiran lokaci. Da maɓalli biyu ita ke tura shi da ɗaya, ta zaɓa da ɗayan. Ga mai sanƙarewar jiki mun fi son biyu in zai yiwu, domin jiran zobe yana sa fargaba, fargaba kuma tana ɗaure jiki daidai lokacin da ake son ya saki. Idan dole ɗaya ne, a sa zoben ya riƙa tsayawa daƙiƙa 3 a kowane wuri, a riƙa ragewa da rabin daƙiƙa idan ta goge. A kunna saitin da ke watsi da dannawa ta biyu idan ta biyo ta farko nan take, saboda hannu mai karkarwa.

Maɓallan da kamfanoni ke yi faifai ne mai faɗin santimita 6 zuwa 13, da fulogi irin na abin sauraro mai milimita 3.5. Ba a cusa shi kai tsaye a waya, sai ta wani ɗan akwatin haɗi, kuma daga waje ake shigo da su. Madadinsa a kasuwa shi ne ɗan rimot ɗin ɗaukar hoto na Bluetooth, wayar Android tana karɓarsa a matsayin maɓalli. A kafe shi cikin gwangwani marar zurfi da gam, a ɗora faifan roba a kansa da ɗan soso a gefe don ya riƙa dawowa. Aibinsa yana barci idan an daɗe ba a danna ba, kuma ɗan batirinsa mai kama da kwabo yana ƙarewa ba sanarwa, a ajiye na canji.

Kada ranar farko a ce ta buɗe jarida. A bar ta ta kunna karatu ko waƙa ta kashe da maɓallin, kwana biyu ko uku, minti goma goma. Kuma a riƙa kafe maɓallin a wuri ɗaya kullum, a yi wa tebur alama, domin jiki wuri yake haddacewa.

Tambaya: Hannuna yana rawa, na taɓa labari ɗaya sai wani ya buɗe. Shekarata 64. (Wani ɗan kasuwa daga Kumasi)

Amsa: Alhaji, ku daina riƙe wayar a hannu. Ku jingina ta, ku kwantar da damtse da gwiwar hannu a kan tebur, yatsa kaɗai ya yi tafiya. Ku ƙara girman rubutu da girman abubuwan fuskar waya a saiti, abin taɓawa ya yi faɗi. A iPhone akwai Touch Accommodations, inda za ku ce kada ta amsa sai yatsa ya zauna kamar rabin daƙiƙa, kuma ta ɗauki taɓawa biyu a jere a matsayin ɗaya. Wayoyin Samsung suna da irinsa a sashen Interaction and dexterity. A kwamfuta mai Windows, danne Shift na dama na daƙiƙa 8 yana kunna tsarin da ke tace dannawar kuskure. Sannan ku ga likita, don rawar hannu iri-iri ce. Wadda ke zuwa lokacin da hannu yake hutawa daban take da wadda ke tashi idan an kai hannu ga abu, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Goro, kofi da shayi mai kauri suna ƙara ta, haka ma wasu magungunan asma.

Tambaya: Zan iya ba waya umarni da baki da Hausa? Kuma za ta iya karanta mini jaridar Hausa? (Wata ɗaliba daga Kano)

Amsa: Umarni da baki yana aiki sosai, amma da Turanci za ki ba da shi, 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi kuma da Faransanci. Manhajar Android sunanta Voice Access, ta fito a 2018, ta iPhone kuma Voice Control, a 2019. Kada harshen ya tsorata kowa, jimloli biyar sun isa karatun jarida. Ki ce "show numbers", kowane kanun labari ya samu lamba, ki faɗi lambar ya buɗe. "Scroll down" ya gangara, "scroll up" ya hau, "go back" ya koma, "go home" ya fita. Abin da ke ɓata shi hayaniya ce: janareto, fanka, rediyo, hirar tsakar gida. Abin sauraro mai makirufo kusa da baki yana gyara yawancin wannan. Mai raunin laka a sama wanda numfashinsa bai da ƙarfi zai gaji da magana, gara ya haɗa da wata hanyar.

Karantawa da murya kuma, jaridar Turanci irin Daily Trust tana fita tsaf. Amma idan muryar Turanci ce a wayar aka ba ta shafin Aminiya ko BBC Hausa, za ta kwaɓa kalmomin, ta yi tuntuɓe a ɓ da ɗ da ƙ, ba ta san karin sauti ba. Tunda idonki lafiya, mu shawararmu ki bar bakinki ya juya shafi, idonki ya yi karatun. Rediyo yana da daɗi, sai dai shi ke zaɓar miki labari da lokacinsa, jarida kuwa ke ce mai zaɓa.

Tambaya: Yayana yana da cutar da ke cinye jijiyoyin motsi sannu a hankali. Yanzu kai da ido kawai yake motsawa sosai. Mun ga na'urar da ake sarrafa kwamfuta da ido, muna shirin haɗa kuɗi. (Wani ƙane daga Jos)

Amsa: Allah ya ba shi sauƙi, ya saka muku da alheri. Ku dakata da sayen tukuna, ku gwada na kyauta. Tunda kai yana motsi, manhajar Camera Mouse da aka ƙirƙiro a Kwalejin Boston ta Amurka tana sa kyamarar kwamfuta ta bi motsin kai, kibiyar allo ta bi shi. A Android, tun 2021 Switch Access yana karɓar motsin fuska a madadin maɓalli: buɗe baki, murmushi, ɗaga gira, duban hagu, dama ko sama. iPhone 12 zuwa sama masu tsarin iOS 18 na 2024 suna bin ido da kyamarar gaba, idan an kafe wayar a nisan kusan santimita 45. Duk waɗannan suna shan batir, a bar waya a caji, fuska kuma ta samu haske daga gaba, ba taga a bayansa ba. Ku tuna masanin kimiyyar nan na Ingila, Stephen Hawking, wanda ya rasu a 2018: shekarunsa na ƙarshe da motsin kumatu ɗaya yake sarrafa kwamfutarsa, ta tsarin bi-da-bi.

Idan ta kai ga na'urar ido ta musamman, irin ta kamfanin Tobii na Suwidin, ku san halinta. Da hasken da ido ba ya gani take aiki, saboda haka hasken rana yana rikita ta, a ɗaki take aiki ba a tsakar gida ba. Tana son nisan kusan santimita 60, kuma da an gusar da allon ko matashin kai sai an sake saita ta. Tabarau mai ƙyalli da fatar ido mai saukowa suna rage mata daidaito. Ga karatu akwai matsala ta daban: tana danna duk inda ido ya zauna na kamar daƙiƙa ɗaya, mai karatu kuwa idonsa zama yake a kan kalma. Dole ya koyi dakatar da dannawar kafin ya fara karanta labari, ya kunna idan zai gangara. Mai kallon allo ba ya yawan ƙiftawa, ga hunturu da ƙura, don haka ku tambayi likita maganin ɗigawa na bushewar ido. Kuma tunda cutar gaba take yi, ya fara koyon hanya ta gaba tun wadda yake kai ba ta gagare shi ba.

Tambaya: Shafukan jaridu cike suke da talla mai tsalle, wurin rufewa ɗan mitsitsi. Ba mu da wani haƙƙi ne a kan masu jaridun? Kuma wa ya kamata mu gani don a auna mu? (Wani mai shan inna daga Bauci)

Amsa: Malam, kukanka a kan hanya yake. Kafin su gyara, ka yi amfani da yanayin karatu zalla, wanda ke share talla ya bar rubutu da babban baƙi. Manhajojin buɗe shafukan intanet Safari da Firefox suna da shi a jikin wurin rubuta adireshi, a Android kuma akwai manhajar Reading mode ta Google. Ka guji bugun jarida da ke zuwa a matsayin hoton shafi, domin sai an buɗa shi da yatsu biyu ana ja hagu da dama. Rubutun shafin intanet ya fi, gangara kawai yake buƙata. Ka sa a ɗora maka jaridu uku ko huɗu da ka fi karantawa a fuskar farko ta waya, taɓawa ɗaya ta kai ka.

Haƙƙi kuwa akwai shi. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ita ta haifar da hukumar kula da masu buƙata ta musamman ta ƙasa a 2020, kuma ana kai mata koke. Yarjejeniyar Marrakesh ta 2013 kan sauƙaƙa wa masu larura samun abin karatu, wadda Najeriya ta amince da ita a 2017, ba makafi kaɗai ta shafa ba, ta ambaci wanda larurar jiki ta hana shi riƙe littafi ko juya shafinsa. Ga editoci kuma, ƙa'idojin duniya na sauƙaƙa shafukan intanet, bugun 2.2 na Oktoban 2023, sun ce abin taɓawa kada ya gaza ɗigon allo (pixel) 24 a tsawo da faɗi, kuma duk abin da ke shafi a iya kai masa da allon madannai kaɗai. Idan za ka rubuta wa edita, ka faɗi sunan shafin, irin wayarka, da ainihin wurin da ka maƙale, ƙungiyarku ta masu buƙata ta musamman ta sa hannu. Irin wannan takarda mai gyaran shafi yana iya aiki da ita a yini ɗaya.

Wajen aunawa, ka nemi sashen gashin ƙashi na asibitin koyarwa mafi kusa, irin na Malam Aminu Kano, ko Asibitin Ƙashi na Dala. Ka tambaya ko suna da ƙwararre mai koyar da ayyukan yau da kullum ga masu larura, shi ne ainihin mai wannan fanni, sai dai ba su da yawa, inda babu, likitan gashin ƙashi zai duba ka. Ka je da wayarka, da jaridar da kake karantawa, da keken da kake zama a kai, don a auna tsawon tebur da wurin maƙali a kan abin da za ka yi amfani da shi a gida.